Daga Kano Zuwa Tafoki: Tafiyar Da Ciki Ya Yi Wa Jagora

  Wannan karon ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba irin wanda kuka saba gani a littattafaina. Labarin wata tafiya ce da muka yi mu da iyayenmu a hutun ƙarshen shekarar 2024, kodayake in kun yi haƙuri kun biyo ni, za ku tarar da soyayyar tana jiranmu a ƙarshen hanya, zaune a gaban murhu.

Bahaushe yakan yi tafiya don biki ko suna, don ta'aziyya, don fatauci ko neman ilimi. Amma a ce magidanci ya kwashi iyalinsa a mota don kawai a je a ci abinci gari-gari, wannan kam sai a ce kwaɗayi mabuɗin wahala. To, mu dai mun yi, kuma abin da muka gano a hanya ya fi abin da muka ci yawa.

TAKARDAR BABA

Asalin Ummanmu 'yar Tafoki ce, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Faskari, a kudancin jihar Katsina, yamma da Funtuwa. Can mahaifiyarta take, wadda duk muke kira Inna. Rabonmu da zuwa tun 2018, lokacin autarmu tana goye. Ba sai na faɗa muku dalili ba, duk mai sauraron rediyo ya san halin da ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa suka shiga saboda ɓarayin daji. Sai gaisuwa ta waya, sai aike a hannun direbobi. Ga shi kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tafiyar nesa ta zama sai an yi tanadi.

Shi kuwa Baba, kafin ya dawo Kano da zama, malamin gona ne a wannan yanki. Da ƙuruciyarsa ya ci ƙauyukan nan a kan babur, yana koya wa manoma zuba taki da feshin auduga. Gwauro ne a lokacin, babu mai dafa masa, saboda haka babu mai waina ko mai tuwo ko mahaucin da bai sani ba tsakanin Malumfashi da Sabuwa. Tun muna yara yake cika mana kunne da labarinsu, har mun haddace.

Wata uku yana tara kuɗi bai gaya wa kowa ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ran nan bayan sallar isha'i ya tara mu, ya zaro wata takarda da ya yago daga littafin lissafin auta. Zango bakwai ya rubuta, kowane da abin da za a ci: Gwarzo, koko da ƙosai, Malumfashi, fura da nono, Funtuwa, tuwo, Tafoki, waina, Sheme, balangu, Ƙanƙara, dambun nama, Sabuwa, tuwon dawa da man shanu.

Umma ta karɓa ta duba, ta ce, "Yanzu Malam, da girmana da 'ya'yana, a titi za ka zaunar da ni ina cin abinci mutane suna kallona?"

Baba ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai ni a titin na samo abin da ya fi komai daraja a gidan nan."

Umma ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta tashi ta shige ɗaki. Mu kuwa muka bi juna da kallo, don ba mu gane inda zancen ya dosa ba.

Kafin a sa rana sai da aka yi waya da Kawu, yayan Umma, wanda ke riƙe da gidan Inna. Shi ya shimfiɗa mana sharuɗɗa: a fito da sassafe, a iso kafin la'asar, kada a yi ta shelar tafiyar a waya, kuma in ya ce a tsaya a Funtuwa a kwana, to a tsaya ba musu. Da Baba ya karanta masa takardar, sai ya yi shiru, can ya ce, "Malam, huɗun farko babu laifi. Ukun ƙarshe ka bari sai kun iso mu yi magana."

GWARZO DA MALUMFASHI

Ana idar da sallar asuba muka ɗau hanya a motar Yaya mai kujeru layi uku, shi ne direba, Baba a gefensa da takardarsa a aljihun gaba. Hunturu ya sauka sosai, hazo ya rufe gari, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Muka wuce sabuwar jami'ar Bayero, muka wuce Janguza da Rimin Gado, gari yana wayewa muna shiga Gwarzo.

Mai ƙosan da Baba ya sani ta daɗe da rasuwa, amma a gindin bishiyar da ya nuna akwai wata baiwar Allah da kaskonta, mai yana ta ƙara. Ƙosai ne na waken da aka surfa aka wanke tas, aka buga ƙullun har ya tashi, shi ya sa cikinsa ya yi sakayau kamar auduga, ga albasa da attaruhu. Kokon kuwa mai kauri, da ƙanshin citta da kanumfari. Mu muka zauna a benci, Umma ta ce ita fa a mota za ta ci. Aka kai mata, ta ɗaga gilashi, ta juya wa titi baya. Sai ga kwano ya dawo wayam, har da saƙon a ƙaro ƙosai na ɗari biyu. Babu wanda ya ce uffan, sai Baba da ya ciro biro ya yi wa zango na ɗaya maki.

Daga Gwarzo ba nisa muka tsallaka cikin jihar Katsina, wadda aka cire daga tsohuwar jihar Kaduna a 1987. A Dayi muka hau titin da ya taso daga wajen Katsina ya nufi Funtuwa. Tun daga nan ƙasa ta fara sauya kama. Gonaki ne iya ganinki, an girbe dawa an jingine karan, ga buhunan masara jibge a bakin titi ana jiran mota, ga fararen gonakin auduga jefi-jefi waɗanda ba a gama tsincewa ba.

Malumfashi garin Galadiman Katsina ne, tsohon garin auduga. A kusa da tasha muka sami 'yan Fulani sun jera ƙorai, an rufe da faifai. Baba ya tsuguna ya zaɓa da kansa, wai shi ya san kindirmon da ba a tsarga wa ruwa ba: ki karkata ludayi, in ya zubo a dunƙule yana rawa, to shi ne. Aka dama mana furar gero mai yaji-yaji a ƙwarya. Ƙanwata mai bi mini, wadda ba ta shan komai sai yogot na roba, ta fara yatsina, ta kurɓa sau ɗaya, sai ga ta ta riƙe ƙwaryar da hannu biyu.

Wadda ta dama mana dattijuwa ce. Baba ya tambaye ta ina sauran abokan zamanta, don da can layin masu nono ya fi haka tsawo. Ta ce, "Alhaji, wasu an kore musu shanu, wasu sun yi ƙaura. Mu ma da kake gani, abin ya ci mu kamar yadda ya ci kowa." Maganar nan ta tsaya mini a rai. A birni in an ce daji ya ɓaci, sai mu yi wa kowa kuɗin goro, alhali ga wata uwa da ita ma aka raba da abin hannunta, ta fito neman na cefane.

Gaba kaɗan da Malumfashi akwai Mararrabar Ƙanƙara. Yaya ya rage gudu, Baba ya bi hanyar da ido har muka wuce. A Ƙanƙara ya fi daɗewa da aiki, garin Sarkin Pauwa, garin da ake haƙar farar ƙasa. Amma yau in an ambaci garin, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta maza, aka yi daji da su, sai ranar 17 ga wata aka sako yara 344. Ku 'yan makarantar kwana, ku kun fi kowa sanin abin da wannan labari ya jefa a zukatan iyaye. Mota ta yi tsit, har auta ta daina surutu.

TUWON FUNTUWA

Muka ratsa Bakori, garin Makama, inda kwalejin 'yanmata ta gwamnatin tarayya take, muka shiga Funtuwa rana ta ɗaga. Kai, Funtuwa gari ne! Tireloli, manyan motocin hatsi, 'yan acaɓa, masu rake, kowa yana ta kansa. Nan hanyoyi suka haɗu: ta Zariya, ta Gusau da Sakkwato, ta Katsina, da wadda ta yi Dandume da Birnin Gwari. Hakimin garin shi ne Sarkin Maska. Nan kuma marigayi Dokta Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi zamansa mai tsawo.

Baba ya sa aka zagaya da mu ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Ya ce layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta nan, ya wuce Gusau, ya tuƙe a Ƙaurar Namoda a 1929, shi ya raya garin, don ta nan ake kwasar auduga da gyaɗa. Tashar ta yi shiru yanzu, sai awaki. Ya kuma ba mu labarin babban shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Wannan shiri ne ya yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara a ƙauyukan nan, har masara ta zama amfanin gona na sayarwa, ba ta gasawa da damina kawai ba. Ya ce, "Tuwon masarar da kuke ci a Kano, ku tambayi 'yan Dawanau daga ina buhunan suke fitowa. Da yawa daga nan ne, daga Dandume da Bakori da Faskari da Sabuwa."

Gidan abincin da muka shiga na wata Hajiya ne, ba shi da wani allo mai walƙiya, amma tsaf yake kamar ɗakin amarya. Ga buta da sabulu a bakin ƙofa, ga tukwane a kan wuta kina ganin abin da za a zuba miki. Abin da ya fi burge ni, akwai wani ɗaki a ciki da labule, an shimfiɗa darduma, na mata da masu iyali. Da Umma ta leƙa ta ga haka, sai ta cire takalmi ta shige ba tare da an roƙe ta ba.

Aka kawo tuwon shinkafa da na masara, miyar kuka da ta ɗanyar kuɓewa, ga man shanu soyayye a ɗan kwano, ga naman zabuwa. Miyar kukar nan ta ji daddawa da wake, an kaɗa ta babu gudaji ko ɗaya. Umma, wadda ba ta cika yabon girkin kowa ba, ta ce a kira mata mai gidan abincin. Hajiyar ta shigo tana goge hannu, suka gaisa, hira ta ɓarke kamar sun shekara da sanin juna.

A nan na ji abin da ba na mantawa. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, da tukunya ɗaya ta fara a bakin tasha. Yau 'yarta ta fari tana koyon aikin jinya, kuma 'yanmata shida ke aiki a ƙarƙashinta, yawancinsu waɗanda iyayensu suka baro ƙauyuka ne saboda tashin hankali. Ta ce ita ba ta buƙatar rediyo kafin ta san halin da hanya take ciki. In ta ga la'asar ta yi tuwo bai ƙare ba, to direbobin Gusau ba su fito ba, akwai magana a hanya. In kuwa tun azahar ana kankare tukunya, to lafiya lau. Ta dube mu ni da ƙanwata ta ce, "'Yanmata, ku riƙe karatu, ku kuma riƙe muciya. Wadda ta iya girki ba ta kwana da yunwa, ba ta kuma miƙa wa ƙato hannu."

Da muka fito Umma ta ce wa Baba, "Malam, wannan kam ba cin abinci a titi ba ne, gidan mutunci ne." Baba ya yi wa zango na uku maki har biyu.

TAFOKI

Bayan mun yi azahar Yaya ya kira Kawu, ya ce mu taho. Muka kama titin Gusau, wanda in kin miƙe shi zai kai ki Sheme da 'Yankara, ya faɗa Tsafe ta jihar Zamfara. Muka wuce Mairuwa mai madatsar ruwa. Shingayen jami'an tsaro sun ƙaru, fira ta ragu, Umma sai jan carbi take. Amma kada ku ɗauka kufai muka tarar. Mutane suna ta harkarsu, ana sussukar dawa, ana auna waken suya, yara suna ɗaga mana rake da soyayyar awara a bokitin roba. Tun kafin la'asar muka isa.

Wayyo, 'yan'uwa, ranar na ga abin da ake kira ɗa da uwa. Inna ta fito tana dogara sanda, ta ƙanƙance, idonta ya yi hazo. Umma ta durƙusa a gabanta ta kasa cewa komai sai hawaye. Inna kuwa, irin ta mutanen da, ba ta ko dubi 'yarta ba, sai ta waiwayo kanmu: "Lale, lale da mutanen Kano! Wace ce wannan doguwar? Au, kishiyar tawa ce? Shekara shida kin ƙwace mini miji kin ɓoye, yau kin kawo kanki?" Ta jawo Yaya ta ce, "Kai kuma maigida, ina kuɗin cefanena na shekara shida?" Aka bushe da dariya, kuka ya koma murna.

Da daddare muna zaune a tsakar gida muna jin ɗumi, Kawu ya karɓi takardar Baba ya haska da tocila. Ya ce Sheme da Ƙanƙara da Sabuwa a haƙura da su a wannan zuwan. Ya tuna mana 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta rufe hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara, ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Ya ce daga baya an sassauta, amma kasuwar da ta watse ba ta haɗuwa rana ɗaya. Mahauta da yawa sun koma Funtuwa, masu tuwo sun bi su. Gonakin da ke nesa da gari an bar su, na kusa kowa ke rububi. Sannan ya ce, "Ku mutanen birni kuna kukan tsadar masara, ba ku san daga nan kukan ya taso ba. Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awai."

Baba bai yi gardama ba. Ya sa biro ya ja layi a kan zango uku, a hankali, kamar mai share sunan aboki. Na ga ya cire tabarau yana goge ido, ya ce wai hayaƙi ne.

WAINAR INNA

Tun a daren Inna ta sa aka jiƙa shinkafar tuwo. Ta ce kishiyoyinta su matso su koya, kada a kai su gidan miji a dawo mata da su. Aka niƙo, ta zuba dafaffiyar shinkafa kaɗan a cikin ƙullun don wainar ta yi laushi, ta rufe ta ajiye kusa da murhu ya kwana ya tashi. Ita ba ta sa yis, tsamin kwana take bari ya yi aikinsa. Da asuba ta ɗanɗana, ta tsarga ruwan kanwa ya kashe tsamin, ta sa ɗan sukari da gishiri da yankakkiyar albasa, ta buga da ludayi har yana ƙyalli.

Sai ta sa aka ɗauko mata tandarta ta ƙasa daga ƙarƙashin gado, baƙa ƙirin, ta girmi Yaya nesa ba kusa ba. Wutar kara ta ce a hura, ba mai ƙarfi ba, don wuta in ta yi yawa bayan waina ya ƙone cikinta ɗanye. Hannun nan da ke rawa in ta riƙe sanda, da ya kama cokalin juyi sai ya tsaya cak. Ga miyar taushe tana tafasa a gefe, da kabewa da alayyafo da ɗan yakuwa da niƙaƙƙiyar gyaɗa da ƙashin rago.

Tana juya waina tana ba mu labari. Ashe da can ita ce mai wainar bakin kasuwa a garin, Umma kuma tana budurwa ita ke miƙa wa masu saye. Wai akwai wani malamin gona siriri mai babur, da zai ci ta sisi ya tashi, sai ya koma cin ta sule, daga nan sai ya zama kullum sai ya zo, ko ranar da ba shi da aiki a garin. "Na ce wannan yaro ko dai mayen waina ne, ko kuwa akwai abin da yake nema. Ran nan sai ga manyansa da goro." Muka kwashe da shewa, Umma ta tashi da gudu ta shige ɗaki kamar yarinya. Sai a lokacin muka gane maganar da Baba ya yi a Kano, da kuma dalilin da ya sa duk hanyoyin takardarsa suka biyo ta Tafoki.

Abin dariya kuma abin tausayi, shi mai takardar bai ci a gaban mai wainar ba. Yaya za a yi suruki ya ci abinci a gaban surukarsa? Wurin da ya zauna yana lasar yatsa yana saurayi, yau ko tsakar gidan bai iya tsayawa ba sai a tsugune, kai a ƙasa. A zaure aka kai masa, a rufe da faifai. Ni na je ɗauko kwanon, na tarar ya cinye tas, ya zauna shiru yana kallon ƙofa.

Da hantsi kuma sai ga sallama. Goggo ce, ƙanwar Umma da ke aure a Sabuwa, can iyakar Katsina da ƙasar Birnin Gwari. Da ta ji an soke zuwa wurinta, sai ta yi sammako ta biyo motar kasuwa ta Dandume, ta sauka Funtuwa, ta sake hawa wata. Ga ta da kwanon sha cike da man shanu, da garin dawa, da kuka, da daddawa. Ta ce tun da tuwon Sabuwa aka rubuta, to ba za a koma Kano da bashinsa ba, nan ta ɗaura zani ta tuƙa. Kafin magariba kuma wani direba ya kawo ƙunshi daga Ƙanƙara, wani tsohon abokin aikin Baba ne ya aiko da dambun nama. Balangun Sheme kaɗai ya gagara, Kawu ya yanka mana zabi biyu a madadinsa. Mu da muka fito neman gidajen abinci, sai ga gidajen abinci sun yi tattaki sun same mu.

MAGANAR DA TA KAWO MU

Ashe bayan takardar akwai wata magana da su Baba suka ƙulla tun daga gida: so suke su tafi da Inna Kano. An gyara mata ɗaki, ga asibiti kusa, ga kwanciyar hankali. Baba bai iya faɗa da bakinsa ba, sai ya bi ta wajen Kawu, shi yana tsugune a bakin ƙofa.

Inna ta saurara har aka gama. Ta ce, "Allah ya yi muku albarka. Amma a nan aka binne mahaifinku, a nan rumbuna yake. Dare nawa muka kwana ba mu runtsa ba, ban tafi ba. In duk tsofaffi suka tashi, yaran da suka rage wa zai ce musu su zauna su yi noma? In kuma ba a yi noma ba, ku me za ku ci a birnin?" Umma ta yi kuka, Goggo ta sa baki, Yaya ya ce ai miji ke cewa mata ta tashi ta tashi. Da ƙyar aka samu ta yarda za ta zo ta yi azumi tare da mu a duba mata ido, da sharaɗin ranar da aka share sallah a maido ta ɗakinta. Ta kuma kafa nata sharaɗin: kada a sake shekara ba a kawo mata jikokinta ba, in hanya ta yi kyau a zo, in ba ta yi ba a haɗu a Funtuwa.

Kwana uku muka yi. Da za mu taho aka cika mana bayan mota da masara da wake da kabewa da ƙuli-ƙuli, har Yaya yana cewa taya za ta fashe. Tandar nan kuwa, Inna ta naɗe ta a tsumma ta miƙo mini, ta ce in ta zo azumi za ta ga ko kishiya ta iya.

Muka komo ta Zariya don mu ga wata hanyar: Giwa, Shika, sai Samaru inda jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, da cibiyar binciken aikin gona da Baba ya ce daga nan irin masara da dawa da auduga masu yawa suka fito. Muka ci tsire a Zariya, muka sayi shinkafa a Kura, muka shiga gida ana kiran magariba.

To 'yan'uwa, ga abin da nake so ku riƙe. Zumunta a ƙafa take, waya ba ta share hawayen tsohuwa. Wadda duk take da dangi a ƙauye, ta riƙa tuna wa iyayenta, amma a bi ta hanyar da ta dace: a tambayi mutanen gari kafin a fito, a yi tafiyar rana, in sun ce a dakata a dakata. In kun tsaya cin abinci a hanya, ku zaɓi mai zafi da aka sauke a gabanku, ku wanke hannu da sabulu, ku kuma gaida mai abincin da mutunci, don wataƙila da wannan tukunyar take biyan kuɗin makarantar wata 'yar'uwarku. In kuma an zuba miki tuwo a gida, kafin ki ce miyar ba ta yi ba, ki tuna da wanda ya noma masarar yana waiwaye.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya maido da kowa gidansa da gonarsa, ya buɗe hanyar Sheme da Ƙanƙara da Sabuwa har Baba ya cike zangonsa uku da suka rage. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Taku ce har kullum.